Abin da masu ƙananan jiragen ruwa suka ce game da zuwa Ada

Ranar Asabar, bayan sallar isha'i, muka zauna shan shayi a unguwar Nima ta birnin Accra, Ghana, da wasu 'yan uwa masu ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa. Kusan duk bakinsu ya zo ɗaya: a tafi Ada, inda kogin Volta ke shiga teku, tsakanin Nuwamba da Maris, kafin damina ta kankama. Sai dai ƙurar hunturu kan rufe gaɓa, don haka a dawo tun da sauran rana.

Inda aka fi daɗewa shi ne bakin kogin. Wani dattijo, Alhaji muke ce masa, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, in ruwa na janyewa kada ka kusanci wurin, tambayi masunta tukuna." Ni ma na taɓa kafewa a yashi can, na yini ina jiran ruwa ya dawo.

Masu son tafkin Volta kuwa, su kula da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun gina madatsar Akosombo. A riƙa fita jirage biyu ko uku, kowa da rigar hana nutsewa. A makon farko na Agusta ana bikin gargajiya na Asafotufiami a Ada, masauki yakan yi wuya.