Malamin ƙanena a NDA yana so ya nemi tallafin karatu a Oxford: mu fara kashe kuɗi ko mu dakata?

Yayan Kadet:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana shekara ta huɗu a Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna, yana karanta Tarihi da Nazarin Yaƙi, kuma sakamakonsa yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Malamin da ke duba masa kundin bincike, farar hula ne da ya yi digirinsa na uku a Ingila, ya zaunar da shi ya ce masa yana da ƙwaƙwalwar da zai nemi tallafin Rhodes na Jami'ar Oxford, a kason da ake ware wa Afirka ta Yamma, kuma kada ya yi sanya domin galibi ba a karɓar wanda ya cika shekara 24. Yaron yana da 22, ga shi kuma da sauran shekara guda ta horon soja zalla kafin a liƙa masa anini. Mahaifinmu ya rasu, ɗawainiyarsa tana wuyana. Tambayata biyu ce: shin in biya masa kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS a hutun da zai zo gida, alhali sakamakonta shekara biyu kawai yake yi ya daina aiki? Sannan akwai wanda ya taɓa ganin an saki sabon hafsa ya tafi karatu waje kafin ya yi aiki a bataliya?

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri bisa riƙon zumunci. Ɗana ya tafi da tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, kuma ba mu biya ko kwabo ba wajen cike takardar nema. Digiri na biyu ne na shekara guda, sun biya kuɗin makaranta da na jirgi da na abinci da masauki. Ya zaɓi kwas uku, ya rubuta maƙala huɗu, ya kawo wasiƙar shaida daga mutum biyu, sannan ya yi alkawarin dawowa gida ya zauna aƙalla shekara biyu. Ka ce wa ƙanenka ya gwada wannan.

Yayan Kadet:
Na gode, Hajiya. Sai dai Chevening yana buƙatar shekara biyu ta aiki, wato awa 2,800, shi kuwa yaron ko faretin yayewa bai yi ba tukuna.

Abu Safwan:
Ɗan'uwa, kafin ka ciro ko naira ɗaya daga aljihunka, ka fara sanin wane irin mutum ne wannan malamin. Ni a wata jami'a na yi karatu kafin in shiga soja ta gajeren zango, kuma malamina ne da bakinsa ya fara kwaɗaita mini wani tallafin digiri na biyu a Turai, har ya ce da hannunsa zai rubuta mini shaida. Na sayar da babur ɗina na biya jarrabawar Turanci da fasfo. Da lokaci ya ƙarato na yi zuwa biyar ofishinsa, ina zama a kan wani benci na katako da ke bakin ƙofa tun hantsi har a kira sallar la'asar, masinja yana ce mini Farfesa yana taro. A zuwa na biyar ya leƙo ya ce in rubuta wasiƙar da kaina in aiko masa ya sa hannu. Na rubuta a daren, na aika. Tsarin masu tallafin kuwa shi ne su aika wa malamin saƙon imel, shi zai danna ya ɗora wasiƙar da kansa. Daren da za a rufe na kwana gaban kwamfuta a shagon wani abokina, ina kallon gurbin sunansa yana nan babu komai, ina kiran wayarsa tana ringin ba a ɗauka, har ƙarfe goma sha biyu ta buga. Bayan mako guda muka haɗu a masallaci, ya ce ai ya sha'afa ne, in bari sai baɗi. Baɗin da ban sake nema ba ke nan, domin sakamakon jarrabawar ya ƙare ina can daji a bakin aiki. Har yau in na ga babur irin nawa a titi sai raina ya sosu.

Maman Khalil:
Innalillahi. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Nawa ka biya jarrabawar a lokacin? Mu a farkon 2023 wajen naira dubu 90 muka biya.

Injiniya Zazzau:
Hajiya, wannan farashin ya zama tarihi. Bayan faɗuwar darajar naira, ni a 2024 sama da dubu 250 na biya wa ƙanwata.

Ummu Hanif:
Ni kuwa ban biya komai ba, domin jami'ar da ta ɗauke ni a Ingila ta karɓi sakamakon Turancina na WAEC. Jami'o'in Birtaniya da dama suna yin haka ga 'yan Najeriya, wasu kuma ba sa yi, saboda haka a duba sharuɗɗan kwas ɗin kafin a biya.

Tsohon Sajan-Manjo:
Yaro, ku duka kuna maganar kuɗi kun bar jaki kuna dukan taiki. Na yi shekara 35 cikin kaki. Soja ba shi da ikon kansa, kuma ko Oxford ta aiko masa da jirgi har ƙofar bariki, ba zai taka ko'ina ba sai hukuma ta ba shi izini a rubuce. Malamin farar hula ya san littafi, amma bai san abin da ake nufi da abokan kwas ɗinka su riga ka cin jarrabawar ƙarin girma ba, bai kuma san yadda ƙananan sojoji suke kallon laftanar ɗin da bai taɓa kwana da su a rami ba. Yaron ya nemi shawarar hafsan da ke kula da bataliyarsu ta ɗalibai, shi ne ya san hanya.

Malamin Tsangaya:
Baba, da girmanka, maganar izini gaskiya ce kuma babu mai musun ta, amma ban yarda a ce malami ba shi da ta cewa ba. Ina koyarwa a jami'a, na kuma rubuta wa ɗalibai irin waɗannan wasiƙu fiye da yadda zan iya tunawa. Wasiƙar da take tasiri ita ce wadda malami ya iya cewa a wane aji ya ga yaron, wace hujja ya kawo a babi na uku na kundinsa, da yadda ya karɓi gyara sa'ad da aka soke masa shafi goma da jan biro. Wannan sanin ba ya samuwa cikin mako biyu, shi ya sa malamin kirki yake farawa da ɗalibi tun yana gabansa. A Amurka, inda ake ba da gurbin Rhodes 32 duk shekara, kwalejin soja ta West Point tana da malaman da suke zaɓo ɗalibai tun da wuri suna horar da su rubutu da amsa tambayoyi. Janar Wesley Clark ya fito daga can a 1966, ya wuce Oxford da wannan tallafin, bai kuma hana shi zama babban kwamandan dakarun NATO a Turai ba. Shawarata ita ce malamin da hafsan su zauna tare a kan batun yaron, maimakon kowa ya riƙa ja ta ɓangarensa.

Tsohon Sajan-Manjo:
Malam, wannan Amurka ka ambata, kuma su tsarinsu ya tanadi hakan. Ka kawo mini misalin wanda ka sani a nan gida.

Injiniya Zazzau:
Wanda ya jure fareti cikin zafin ranar Afaka, inda NDA take, ba zai ji tsoron masu yi masa tambayoyi ba. A dai ja masa kunne kada ya shiga ɗakin ganawa ya ƙame yana sara musu.

Abu Safwan:
Injiniya, ba lokacin raha ba ne. Malam, kai kana maganar malamin kirki, ni kuma ina gaya maka abin da ya same ni a hannun wanda kowa yake kira na kirki. Gurbin Afirka ta Yamma ma bai kai yatsun hannu ɗaya ba a shekara, ga ƙasashe da yawa suna takara a kansa.

Ummu Hanif:
Ni abin da ya kusa hana ni tafiya ba malami ba ne, cikakkiyar takardar sakamako ce. Na biya kuɗinta a makarantar da na gama, aka ce mako uku, sai da ta yi wata biyar. Da na je da kaina na tarar da fayil ɗina a ƙasa cikin tarin takardu ɗaure da igiya, an kuma rubuta sunan mahaifina ba daidai ba, dole sai da na je kotu na yi rantsuwa.

Maman Khalil:
Mu ma haka muka sha. Sau biyu muka biya, domin sun ce rasit ɗin farko bai shiga kwamfutarsu ba.

Yayan Kadet:
Na gode muku baki ɗaya. Har yanzu dai ina jiran wanda ya san batun sakin sabon hafsa, domin hutun nasu saura mako uku.

Injiniya Zazzau:
Ummu Hanif, ke a wane ofishi aka gyara miki sunan bayan rantsuwar, na magatakarda ko na tsangayarku? Ta ƙanwata ma shekarar haihuwa suka ɓata, wata biyu ke nan muna zarya.