Birni ko ƙauye: abin da aka tattaro a muhawarar

To dai ga yadda hirar ta kaya a kan ko zaman birni ya fi ko na ƙauye. Masu kare birni sun ce birni ai ba gini ba ne, haɗuwar baƙi ne, shi ya sa Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta tara Larabawa da Buzaye da Yarbawa har Kano ta zama Kano. Wasu kuma suka kawo maganar Ibn Khaldun, masanin tarihi Balarabe, wai jin daɗin birni ke kashe zumunci da haɗin kai, kuma gaskiya ni ma nan na fi karkata, kana iya shekara a unguwa ba ka san maƙwabcinka ba sai ran jana'iza.

Shawarar da ta fi yawa: ka zauna birnin amma ka riƙe masallacin unguwa da majalisa, ka dinga leƙa gida ko da sallah ne, kar haya da kuɗin Keke Napep su sa ka manta da ƴan uwa.