Neman kalmar Hausa: ƙarfen ƙafar mota da ake kira ressort hélicoïdal

Mai gabatar da shiri, Garwa:
Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, ina neman taimakonku kafin daren Juma'a, domin ranar Asabar da safe zan gabatar da shiri na minti 20 a wani gidan rediyon al'umma a nan Kamaru, kan yadda mai tsohuwar mota zai sauya wannan ƙarfe a gidansa ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba. Takardar da aka ba ni da Faransanci take, na kuma fassara kusan dukanta, sai wannan kalma ɗaya da ta tsaya mini. Ina nufin ƙarfen nan mai zagaye-zagaye da ke bayan taya, wanda yake ɗauke da nauyin mota, yana matsewa idan an faɗa rami, yana komawa yadda yake idan an fito. Abin da ya sa na damu shi ne, bara wani yaron maƙwabcinmu ya ɗaure irin wannan ƙarfe da waya kawai, ya kwance babban notin da ke saman ƙafar gaba ta wata tsohuwar Corolla, ƙarfen ya ƙwace, ya karya masa wuyan hannu, ya lotsa kwanon rumfar da yake aiki a ƙarƙashinta. Ni na kai shi asibiti. Ba na son mai sauraro ya rikita sunan abin da zai iya yi masa haka da sunan wani abu dabam.

Bakanike, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. A gareji babu wanda yake cewa komai sai resor, kuma idan ka faɗi haka duk wanda ya taɓa riƙe sifana daga Ngaundare har Kuseri zai gane. Abin da nake roƙo shi ne ka raba shi da amortisa, domin masu mota da yawa suna zuwa mana suna cewa amortisa ta mutu alhali resor ne ya karye. Resor shi ne mai ɗaukar nauyi. Amortisa bututu ce mai mai a ciki, aikinta ta hana motar ci gaba da rawa bayan an wuce rami. A ƙafar gaba ta Corolla da ta Peugeot 504, resor yana zagaye da amortisa ne, noti ɗaya a sama yana riƙe da su duka, shi ya sa ake ganinsu kamar abu guda.

Direba, Kuseri:
Yallaɓai, masu sauraronka ba 'yan gareji ba ne kaɗai. 'Yan kasuwar da suke shigo da kayan mota daga Najeriya sifirin suke cewa, amortisa kuma shokozoba, haka kuma ake ji a tashoshin Hausa na ƙasashen waje da dattawanmu suke saurare. Matsalar guda ce: idan ka ce sifirin, direban babbar mota faifayen ƙarfen nan da ake jerawa a ƙafar baya zai fahimta. Ita kanta 504 ta nuna bambancin, domin ƙaramar mai zagaye take da shi gaba da baya, a-kori-kurarta kuwa mai faifai ne a bayanta.

Malamin makaranta, Ngaundare:
Ina ganin girmanku duka, amma abin takaici ne a ce an tambaye mu kalmar Hausa, mu tsaya muna zaɓi tsakanin aron Faransanci da aron Ingilishi. Kayan aro ba ya rufe katara. Muna da gammo, kuma ku dubi yadda ya dace: tsumma ne da ake naɗewa zagaye-zagaye, a ɗora a ka, a aza kaya a kansa domin kada nauyi ya cutar da mai ɗauka. Maciji ma idan ya naɗe jikinsa cewa muke yi ya yi gammo. Siffa ta zo daidai, aiki ya zo daidai. Ina ba da shawarar gammon mota, kuma na shekara biyu ina koya wa ɗalibaina haka.

Bakanike, Marwa:
Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da daɗi a kunne, amma tana da haɗari. Gammo abu ne mai laushi wanda yarinya take ɗauka da hannu ɗaya, ba ya turo kaya sama, ba ya kuma dukan kowa. Wannan kuwa motar da ta haura tan 1 ce take zaune a kan guda 4, ko bayan an ciro ƙafar daga jikin mota yana nan a matse, kamar tarkon da aka ɗana. Wanda ya ji an ce gammo ba zai ji tsoro ba, kuma tsoron muke so ya ji.

Malamin makaranta, Ngaundare:
Tsoro aikin bayani ne, ba aikin suna ba. Abin da ke damuna shi ne duk abin da aka faɗa a Kano sai mu karɓa kamar mu ba Hausawa ba ne. Kakanninmu sun zauna a Adamawa tun kafin Jamusawa su zo, amma har yau idan ɗan Garwa ya ƙirƙiri kalma sai a ce ba Hausa ba ce, idan ɗan Kano ya lanƙwasa Ingilishi sai a ce daidaitacciya.

Direba, Kuseri:
Malam, mota da taya da injin duk aro ne, kuma kai ma da kalmar mota ka rubuta saƙonka. Mutanen Nijar suna cewa lakwal, mutanen Najeriya suna cewa makarantar boko, babu wanda ya fita daga Hausa saboda haka. Yaranmu a nan da Fulatanci da Larabci suke ciniki a kasuwa, abin da ya kamata mu ji wa tsoro shi ne su daina Hausar baki ɗaya.

Malama mai fassara, Njamena:
'Yan'uwa, kada mu bar jaki mu koma dukan taiki, bawan Allah yana da kwana biyu ne kawai. Kukan Malam na Ngaundare gaskiya ne, ni ma an sha gyara mini Hausar da na sha a nono, amma ba wannan kalma ce za ta rama mana ba. Faransancin, ressort hélicoïdal, kalma biyu ne, ɗaya suna, ɗaya siffa, Hausa ma tana iya yin haka: murɗaɗɗen sifirin, a gefe guda kuma sifirin mai faifai. Na fi son murɗaɗɗe a kan naɗaɗɗe, domin tabarma da rawani ake naɗewa, ƙarfe da igiya kuwa murɗawa ake yi. A karon farko ka ce murɗaɗɗen sifirin, wato resor, daga nan ka ci gaba da guda ɗaya. Na'urar da ake matse shi da ita kuwa, wadda takardarka za ta kira compresseur de ressort, ba ma bukatar aro, domin yadda muka sami mabuɗi daga buɗe da magirbi daga girbe, haka za mu sami mamatsi daga matse. Shi kuma gammo, ina tambayar bakanike, babu wata roba da sifirin yake zama a kanta?

Bakanike, Marwa:
Akwai, Hajiya, zagayayyiya ce, tana tsakanin ƙarfen da mazauninsa domin hana ƙara da gogayya. Wannan kam gammo ce sosai, kuma ba mu da wani suna mai kyau da muke kiranta da shi. Malam mai shiri, ka ƙara da cewa a ƙasan resor ɗin ne ruwa da taɓo suke taruwa, tsatsa ta ci zagayen ƙarshe, kuma nan ya fi karyewa.

Mai gabatar da shiri, Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta, a duba mini: "Idan motarka ta karkata gefe ɗaya ko ta zauna ƙasa, duba murɗaɗɗen sifirin, wato resor. Ana sauya guda biyu tare, na dama da na hagu. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, sai ka tokare ta da madogarin ƙarfe. Ka kama sifirin da mamatsi biyu suna fuskantar juna, kana ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi, kuma kada ka taɓa notin sama sai ka ga sifirin ya saki mazauninsa. Waya da igiya ba sa maye gurbin mamatsi. Ka duba gammon roba, ka zaunar da bakin sabon sifirin cikin gurbinsa, bayan ka gama ka kai motar a daidaita mata ƙafafu."

Malamin makaranta, Ngaundare:
Rubutun ya yi, kuma mamatsi kalma ce mai kyau. Sifirin dai ban yarda da shi ba, a ajina gammon mota zan ci gaba da cewa. Tunda an ba robar sunan, a faɗe shi a fili ranar Asabar, kada a haɗiye shi cikin sauri.