Tambaya kan kalmar refulgent ta Turanci

Ɗalibi daga Agege:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar JAMB, kuma na ci karo da kalmar refulgent a wani rubutu inda aka siffanta rana da ita. Ƙamus ya ce ana faɗinta ga abu mai tsananin haske, amma bai nuna mini abin da ya raba ta da bright ko radiant ba. Shin zan iya sa ta duk inda nake son in ce abu yana da haske?

Malamar Turanci, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Asalin kalmar Latin ne, daga refulgere, kuma tushenta ɗaya da fulgur, sunan walƙiya a wannan harshe. Saboda haka ba kowane haske ake nufi da ita ba, sai mai ɗaukar ido, irin wanda kake gani idan rana ta dallare ruwa da hantsi kana kan gadar Third Mainland. Sai dai kalma ce ta adabi, wadda ta fi yawa a waƙoƙi da tsofaffin littattafai, kuma Baturen da aka haifa a Ingila ma yana iya tsufa bai taɓa furta ta a hira ba. Fitilar ɗaki da allon waya, bright ta ishe su. Ita kuwa radiant tana nuna hasken da ke fitowa daga jikin abu yana bazuwa, shi ya sa ake faɗinta ga fuskar amarya mai farin ciki, inda mu za mu ce fuskarta tana annuri.

Tsohon malami, Obalende:
Malama ta yi bayani gamsasshe, amma ni ban ga laifin ɗalibi ya sa ta a insha'i ba, muddin abin da yake siffantawa ya cancanta, kamar zinariya ko wata daren sha huɗu. Tunda jarrabawa ce a gabanka, yaro, ka lura da furuci: ana ƙarfafa gaɓa ta biyu, kuma harafin g yana fita kamar j. Idan aka nemi mafi kusa da ita a ma'ana, ka duba effulgent ko resplendent, idan kuma kishiyarta aka nema, dim ko dull ce. Sunan da ake samu daga gare ta shi ne refulgence.