Wai aji shida ɓata lokaci ne? Muhawarar da ta tashi a zauren gidanmu

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wa ya san malamin lesin mai haƙuri wanda ya iya lissafi da turanci, wanda zai riƙa zuwa gida bayan magariba? Hanifa ce za ta zana jarrabawar shiga sakandare, mun sayo mata fom na makarantun kuɗi guda biyu

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Hanifa kuma? ba aji huɗu take ba?

Maman Hanifa: Aji huɗu take, amma ai yanzu ba wanda yake tsayawa aji shida, makarantarsu ma ba su da ajin gaba ɗaya, daga biyar ake fita, masu ƙoƙari kuma tun daga huɗu. Ni dai a ganina aji shida ɓata lokaci ne da ɓata kuɗi, kuma duk wanda bai fara shirya ɗansa tun aji uku ba wallahi ya cuce shi, don wasu tun nazare suke shiri

Baban Khalifa: Maganarki dutse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Khalifa aji biyu yake amma na riga na sa shi lesin ɗin Asabar

Goggo Malama: Uwar Hanifa shekarunta nawa yanzu?

Maman Hanifa: Takwas da rabi Goggo, kafin a koma sabuwar shekarar karatu ta cika tara

Goggo Malama: To faɗa min yadda yininta yake, daga tashi zuwa kwanciya

Maman Hanifa: Shida da rabi ɗan adaidaita yake zuwa, a tashe su ƙarfe biyu, sai lesin ɗin makaranta zuwa huɗu, ta dawo ta ci abinci ta yi aikin gida. Islamiyya dai mun ɗan dakatar sai bayan jarrabawa tunda lokacin ya haɗu. Shi ne nake son na bayan magariba ya cike gurbin

Goggo Malama: Innalillahi. 'Yata ki saurare ni da kyau, shekara 35 na yi da alli a hannuna, mafi yawansu a aji ɗaya zuwa uku, kuma abin da zan faɗa miki ba a littafi na karanto ba. Yarinyar da ta fita gida shida da rabi ta dawo bayan la'asar, in kika zaunar da ita gaban wani malami bayan magariba jikinta ne kawai a wurin, kan ya riga ya rufe. Za ta riƙa gyaɗa kai, za ta kwafi abin da aka rubuta, har ta haddace amsa in an maimaita mata sau goma, ke kuma ki ji daɗi kina ganin an ci gaba. Amma ki ɗauki tambayar nan ki juya ta kaɗan, maimakon a ce mangwaro 12 a raba wa yara 4 ki ce yara 4 kowa ya samu 3 nawa ne duka, sai ki ga ta tsaya tana kallonki. Na ga irinsu da yawa, yaro ya ci jarrabawar shiga da maki mai kyau ya je aji ɗaya na sakandare a ba shi shafi ɗaya ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta ya kasa. Shi ne ake dawo mana da su ana cewa malaman firamare ba su yi aiki ba, alhali ba a bar mu mun gama aikin ba aka ciro yaron daga wuta bai dahu ba

Kawu na Kaduna: Hajiya ina girmama maganarki amma zamanin ya canza. Lokacinku gurbi yana jiran yaro, yanzu yaro ne yake neman gurbi. Ki duba jarrabawar komon entirans da NECO take shiryawa ta shiga makarantun tarayya, irin su FGC Kano da ta 'yan mata ta Kazaure da Minjibir, yara daga ko'ina suke zanawa, kuma 'ya'yan mutanen kudu da muke zaune da su a nan Kaduna tun suna ƙanana ake horar da su. Mu in muka ce sai yaro ya huta sai a bar mu a baya, kuma mu dawo muna kukan an fi mu

Goggo Malama: Alhaji ban ce kada a shirya yaro ba. Cewa na yi a bar shi ya kai. Ita jarrabawar ta NECO ai ta 'yan aji shida ce, daga manhajar firamare gaba ɗayanta ake ɗauko tambayoyin. Tsarin ƙasar nan shekara 6 ne a firamare, 3 ƙaramar sakandare, 3 babba, ba wanda ya soke shi. Makarantun kuɗi ne suka yanke aji shida da kansu

Auta: Ni fa tambayata ɗaya ce, lissafi kawai. In Hanifa ta shiga aji ɗaya na sakandare tana shekara 9, ta gama sakandare tana 15. JAMB kuma 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. A 2024 ma ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman cewa ya yi 18, sai da Tunji Alausa ya zo aka mayar 16. To shekarar da aka ƙwace mata a firamare a gida za ta zauna ta biya ta, ina ribar?

Baban Khalifa: Ai akwai hanyar masu hazaƙa, ana ɗaukar 'yan ƙasa da 16

Auta: Akwai Yaya, amma sai wanda ya ci 320 cikin 400 kafin ma a duba maganarsa, kuma bayan nan akwai wasu matakan tantancewa. Yara nawa ka sani a unguwarmu da suka taɓa kawo 320? Abin da ya fi yawa shi ne a je a ƙara wa yaro shekaru a takarda, a fara masa rayuwa da rantsuwar ƙarya

Maman Hanifa: Auta kai ba ka fara biyan kuɗin makaranta ba shi ya sa. Shekara biyu na firamare zango shida kenan, ga littattafai ga yunifom ga kuɗin mota, mu kuma yara huɗu ne. In ta wuce yanzu an rage mana nauyi, kuma malamarsu da bakinta ta ce min Hanifa ta fi ƙarfin ajinsu

Anti Ƙarama: Bari in sa baki tunda na koyar a makarantar kuɗi shekara huɗu kafin in yi aure. Maman Hanifa kar ki ji haushina, amma maganar nan ta "ta fi ƙarfin ajinsu" kusan duk uwar da 'yarta take zuwa ta ɗaya zuwa ta goma ana faɗa mata. Inda na yi aiki suna da sashen sakandare, to so suke yaran su tsallaka da wuri tun kafin iyaye su fara tunanin kai su wani wuri, kuma kuɗin sakandare ya fi na firamare. Jarrabawar shigar ma ni na sha gyara takardunta, ban taɓa ganin an mayar da yaron da ubansa zai iya biya ba, iyaka a ce ya zo lesin ɗin hutu a sake karɓar wani kuɗin. Ban ce duka haka suke ba, akwai 'yan kaɗan da da gaske suke tacewa don masu nema sun fi kujeru yawa, amma yawanci fom ɗin kansa ma sana'a ce

Kawu na Kaduna: To ai waɗannan 'yan kaɗan ɗin muke nufi. Wanda yake son su dole ya sha wahala

Anti Ƙarama: Haka ne Kawu, amma su masu tacewar ba haddar tsofaffin tambayoyi suke nema ba, suna kiran yaro intabiyu su ba shi labari ya karanta su tambaye shi me ya faru, me ya sa. Nan ne ɗan hadda yake tonuwa

Baban Khalifa: Ni abin da ban gane ba, mu nan duk an kai mu makarantar allo muna shekara huɗu biyar, da asuba a tashe mu, ga dorina, kuma ba wanda ya lalace. Me ya sa in boko ne sai a ce an takura wa yaro?

Goggo Malama: Yauwa ɗana, gara da ka kawo wannan, don makarantar allo hujjata ce ba taka ba. Ka tuna yadda aka yi maka. Da babbaƙu aka fara, sai da ka san kowane harafi aka kai ka farfaru, sannan ka fara haɗa baƙi. Kuma malam ba ya barin ka wanke allo sai ka biya masa karatun ya ji ya zauna, in bai zauna ba ko kwana nawa ne kana nan a kansa, ɗan uwanka da kuka shiga rana ɗaya ya wuce ka da izu guda ba wanda zai ce a ja ka a kai ka inda yake. Kowa da allonsa. Ba a taɓa sa wa yaro ranar sauka tun kafin ya iya baƙi ba. To abin da kuke yi yanzu shi ne kun sa ranar sauka, kuna wanke allon ko karatun ya zauna ko bai zauna ba. Kuma ko sallah da take ginshiƙin addini sai yaro ya kai bakwai aka ce a umarce shi da ita, komai da lokacinsa

Goggo Malama: Abin da ya fi ci min rai ma Islamiyyar da aka dakatar. Yarinya za ta fahimci cewa in abubuwa suka cakuɗe karatun addini ne ake fara ajiyewa, kuma wannan darasin ya fi duk lesin ɗin shiga kanta

Maman Hanifa: Wallahi Goggo ba da son raina ba ne, nima abin yana damuna. Tsoro nake ji. Ƙawayenta uku duk za su zana bana, in suka tafi suka bar ta kullum sai ta yi min kuka, kuma a ce 'yar wance ta wuce tawa tana nan. Ni ban samu na yi karatu mai zurfi ba, ba na son ta tsaya inda na tsaya

Goggo Malama: Na sani 'yata, kuma niyyarki mai kyau ce, Allah ya ba ki ladanta. Amma ki yi tunanin 'yar shekara 9 a aji ɗaya da 'yan 12 da 13, balle in makarantar kwana ce, wankinta da kula da kayanta da tashin asuba, ga manya masu aike. Karatu ba kai kaɗai ba ne, har da ƙwarin zuciya. Wadda take ta ɗaya a aji huɗu in ta je can ta koma ta talatin ba za ta ce shekaruna ne ba su kai ba, cewa za ta yi ni daƙiƙiya ce, kuma in wannan ya shiga ran yarinya fitar da shi aiki ne

Kawu na Kaduna: Ni dai har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba game da shiri da wuri. Na yarda tsallake aji biyar da shida duka ya yi yawa, amma nawa biyu daga aji biyar suka tafi kuma ga su nan lafiya lau, ɗaya har ya gama hidimar ƙasa

Auta: Kawu su ai da shekara bakwai suka shiga aji ɗaya, sun kusa 12 lokacin da suka fita. Yaran yanzu tun suna shekara biyu ake kai su, shi ya sa lissafin ya bambanta

Baban Khalifa: To Goggo in ba lesin ba me za mu yi musu? Haka kawai za mu zuba ido?

Goggo Malama: A'a. Kullum bayan isha'i ka zaunar da Khalifa minti 15 ya karanta maka da ƙarfi, ko na Hausa ko na turanci, in ya gama ka rufe littafin ka ce ba ni labarin da bakinka. In za ka aike shi kanti ka ba shi 500 ka ce abin 350 ne nawa za a ba ka canji, ya faɗa kafin ya fita. Jadawalin sau ya zauna masa daram zuwa 12. Ya kwanta da wuri. In ya kai ajin ƙarshe, wata uku ko huɗu kafin jarrabawa sai a nemo tsofaffin tambayoyi a koya masa salonsu, musamman waɗannan na zane-zanen lamba da na wasa da kalmomi da ba a cika yi a aji ba, da yadda ake cike takardar amsa da fensir da kiyaye lokaci. Wannan lesin ɗin ina goyon bayansa, na yi wa jikokina ma

Maman Hanifa: To fom ɗin da muka riga muka saya fa? Kuma makarantarsu ba aji shida

Anti Ƙarama: Ta zana mana tunda an biya, ta ga yadda abin yake, cin jarrabawa ai bai wajabta tafiya ba. Ko aji biyar ta yi kin rage asara, kuma in kika bincika akwai masu aji shida har yanzu

Maman Hanifa: Sai na yi magana da babanta, shi ya fi ni matsawa a kan ta tafi bana. Ban yi alkawari ba gaskiya

Goggo Malama: Ki turo min ita ranar Asabar da safe da littafin turancinta da na lissafi, ba na lesin ba, na aji. Zan zauna da ita awa ɗaya, in na ga ta kai wallahi da bakina zan faɗa miki ta kai. Ki ce wa babanta ya kira ni bayan nan. Islamiyya kuma ta koma gobe

Maman Hanifa: To Goggo, in sha Allahu Auta zai kawo ta wajen ƙarfe goma