Duk sabuwar shekara sai na yi wa kaina alkawari, amma ba ya kai wata biyu

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Kano. Duk Janairu sai na sayi sabon littafi na rubuta abin da nake son yi. Na bana guda huɗu ne: in koma hadda (na tsaya a Tabaraka tun kafin aure), in tara kuɗin keken ɗinki, in riƙa tattaki saboda a asibiti sun ce jinina ya fara hawa, sannan in rage danna waya. Farko abin kamar wutar kara, kafin ƙarshen Fabrairu ko inda littafin yake ban sani ba. Aikin makaranta ba na wasa da shi, don akwai mai duba ni. Amma abin da yake nawa na kaina, shi ne kullum a baya. Ku da kuke cika naku, ya kuke yi?

Malamar Islamiyya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ai kin ba kanki amsa ba ki lura ba: kin ce na makaranta akwai mai duba ki. To sauran ma mai dubawa suke nema.

Bari in tsaya a kan hadda, don ita na sani. "In koma hadda" fata ne kawai, ba a iya auna shi. Ki yi lissafi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimilla 480. A bugun Madina mai shafi 604, sumuni ɗaya bai fi shafi ɗaya da 'yan layuka ba. In kika ɗauki sumuni guda a mako, a shekara kin samu izu shida da rabi. Na san za ki raina, amma ki tambayi kanki ko a shekarun nan da kike rubutawa a littafi kin ƙara ko izu ɗaya. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Sai lokaci. Kada ki ce "in na samu sarari", mai 'ya'ya uku ba ta samun sarari. Ki ce bayan sallamar asuba, a kan dardumar, kafin ki ɗora ruwan wankan yara, minti 15. Mus'hafin ya kwana a kan dardumar, wayar kuma ta kwana a falo. Kin ga da haka ma kin taɓa alkawarinki na huɗu.

Babban abin shi ne wadda za ki ba wa hadda. Ɗaliban da na gani sun ɗore, ba waɗanda suka fi kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, waɗanda suka san ranar kaza za su zauna gaban malama ne. Kuma kwanakin fashin salla su ne ke karya mata da yawa, a ajiye mako guda, shi ke nan ba a dawowa. A mazhabar Malikiyya mai haila tana iya karatu da ka, sai ki mayar da kwanakin na tilawar abin da kika riga kika haddace.

Wata 'yar'uwa: Ni dai ban ga abin da ya haɗa mu da sabuwar shekarar Nasara ba. Ki bari Muharram ta zo.

Malamar Islamiyya: Allah ya saka da alheri, amma ba biki ta ce za ta yi ba. Albashinta da kuɗin makarantar yaranta duk da wannan lissafin suke tafiya. In ta ce sai Muharram, ta ƙara wa kanta uzurin jira ne kawai.

Uwar adashe: Ɗiyata, zo nan ki ji ta kuɗi. Asusun da ke cikin ɗakinki ba asusu ba ne, ranar da gas ya ƙare ko aka yi haihuwa a dangi za ki fasa shi, kuma ba wanda zai ce miki don me. Adashe kuwa kunya ce ke riƙe shi. Mutum goma suna jiran zubinki, ina za ki sa fuskarki?

Amma ga abin da yawancin mata ba sa lura da shi. Da, mai son tari takan nemi kwasar ƙarshe. Yanzu wannan asara ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya ba su zauna wuri ɗaya ba, a ƙarshen 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Kina tarawa, keken yana gudu. Ki roƙi kwasa ta biyu ko ta uku, ranar da kika karɓa, kafin kuɗin su kwana a hannunki, ki wuce kasuwa ki ɗauko keken. Daga nan zubin ya zama bashi a wuyanki, dole ki biya, ga kuma keke yana kawo ɗan na facin kaya da ɗinkin yara. Misali ku goma, N10,000 a wata, kwasa N100,000. Ki fara zuwa ki ji farashi tukuna, sannan ki san adashen da za ki shiga.

Zubi kuma ranar da albashi ya shigo, kafin cefane. Kuma don Allah ki shiga na mutanen da kika san gidajensu. Na waya da ba ki taɓa ganin mai riƙewa ba, ba ruwana.

Wata ƙanwa: Anti ni abin da nake yi, sai in ɗora a status kowa ya gani, in na fasa a yi min dariya. Yana aiki wallahi.

Wata malamar jami'a: Ƙanwata, wataƙila ke yana miki, amma ni ba zan ba ta wannan shawarar ba. Ranar farko za a cika ki da "Masha Allah" da "Allah ya ba da iko", ki ji daɗi kamar kin gama, bayan mako biyu ba wanda zai tuna balle ya tambaya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York, Peter Gollwitzer, ya gwada wannan da ɗalibai a 2009, ya ga waɗanda aka san da niyyarsu sun fi yin sanyi wajen aikin. Mutum ɗaya ya isa, amma wanda ba ya jin nauyinki. Ƙawar da za ta ce "ba komai, Allah ya sa mu dace" ba ta da amfani a nan. Kuma taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Ki rage su.

Ma'aikaciyar jinya: Duk na yarda, sai dai in za a rage, kada a rage na hawan jinin. Wannan ba buri ba ne, magani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ba sai kin sayi takalmin gudu ko kin fita titi da asuba mutanen unguwa suna kallonki ba. In an tashi daga makaranta, ki sauka daga adaidaita da sauran tafiyar minti 15, ki ƙarasa da ƙafa da ɗan sauri, da safe ma haka. Kuɗin motar ma ya ragu. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen miya, wanda mu muke jefa huɗu biyar a tukunya ɗaya. Ki riƙa zuwa ana auna ki, a rubuta miki a kati. Katin nan shi ne mai dubawarki.

Zancen da ake yawo da shi cewa kwana 21 ya isa abu ya zama jiki, ki manta da shi. A wani bincike da aka yi a Landan a 2009 da mutum 96, tsaka-tsakin abin da ya ɗauka kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma ga tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Ke a Fabrairu kike sarewa, daidai lokacin da abin bai riga ya kama ba. In kin fasa Talata, Laraba ki ci gaba, ba sai wata Janairun ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku da Aljanna. Hajiya, akwai adashe a makarantarmu na malamai, za su fara sabo ƙarshen wata, zan yi wa mai riƙewa magana a kan kwasa ta biyu. Tattakin zan fara da na dawowa, don da safe ina tare da yara. Malama, matsalata Islamiyyar unguwarmu ta matan aure da hantsi ake yi, lokacin ina aji. Ko zan iya ba ki ke?

Malamar Islamiyya: Ba damuwa. Duk Alhamis bayan la'asar ki kira ni, ba saƙon murya ba, don kada ki leƙa. Amma ba za mu ɗauki sabo ba tukuna. Izu huɗun da kike da su, daga Tabaraka zuwa Nasi, sai mun tabbatar suna nan. Wannan Alhamis ɗin ki zo da Sabbi zuwa ƙasa. In ban ji ki ba har magariba, ni zan kira.