Shawarwarin da aka tattara kan kwamitin tsaron unguwa

Maganar kuɗi ce ta cinye zaman da aka yi kan kafa kwamitin. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, an ce ciyamomi su sanya alawus ɗin 'yan sintiri da man babur cikin kasafi, a daina dogaro da karo-karon magidanta, wanda ba ya daɗewa yake mutuwa. Mai unguwa da liman su tantance duk wanda za a ɗauka, kada kansila ya cuso yaransa. Wanda 'yan sintiri suka kama kuwa a miƙa shi caji ofis, ban da duka. Batun sanya mata a kwamitin, a ganina, sama-sama aka taɓo shi.